Dalma a wilin keke: gyara ne ko asarar kuɗi?



Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Zuru. Kekunan da suka yi shekaru a jingine a zaure an kakkaɓe su, an sa musu sabuwar kaca. Ɗalibi na hawa zuwa makaranta, manomi na ɗaura buhu a kariya daga gona zuwa Dabai, ma'aikaci na shiga Zuru da shi ya bar babur a gida. Da keke ya dawo, sai shawarwarin intanet suka biyo shi. Ɗaya daga ciki ita ce wai wilin keke ma yana buƙatar balansin kamar na mota, a manna masa ɗan guntun dalma don ya daina rawa, ya ƙara gudu. Ra'ayinmu shi ne, ga irin kekunan da muke hawa da irin hanyoyin da muke bi, wannan aiki ba ya canza komai. Ga dalili.

Mu fara da gaskiyar masu wannan magana, don suna da ita. Ka kifar da keke, ka saki wilin gaba, idan boris ɗinsa lafiya lau za ka ga ya yi ta lilo har ya tsaya, kuma kusan kullum wuri guda ne ke komawa ƙasa, galibi wajen bawul ko inda aka yi faci. Wato gefe ɗaya ya fi nauyi. Ka murza feda da hannu da ƙarfi, keken zai fara tsalle a ƙasa kamar an tsikare shi. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za mu ce masa ƙarya ya gani ba.

Sai dai keken da aka kifar babu kowa a kansa, kuma hannu na iya juya wilin baya da saurin da ƙafa ba ta cika kai shi ba a kan hanya. A nan lissafi ke shigowa. Ƙarfin da gefe mai nauyi ke fizgar wili da shi yana ƙaruwa ne ninki huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Mu ɗauki wili mai inci 28 irin na tsofaffin Raleigh da Phoenix, mu ce gefen bawul ya fi ɗaya gefen da giram 10. A gudun kilomita 15 a awa, wanda shi ne tafiyar mai zuwa kasuwa, wilin na juyawa kusan sau biyu a daƙiƙa, fizgar kuma ba ta wuce nauyin giram 50 ba. Kwatankwacin ƙwai guda ke nan. A kilomita 30, inda matashi ya saki birki a gangare, ta kai kusan giram 200. To mutum da kekensa sun haura kilo 80, in an ɗora buhun masara an wuce 130. Ina ƙwai guda zai girgiza wannan? Tsakuwa ɗaya a hanyar gona ta fi shi bugun hannu sau da yawa.

Mota daban ce, kuma daga wajenta aka aro dabarar. Motar da ta kama hanyar Mahuta zuwa Koko da gudun kilomita 100, tayarta na juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa. Bambancin giram 30 a rim ya zama fizgar kusan kilo 5, tana bugawa sau 14 kowace daƙiƙa, kuma wannan bugu ya zo daidai da saurin da ƙafar mota ke rawa da shi a kan sifirin. Shi ya sa sitiyari ke kaɗawa a hannun direba, taya ta cinye gefe guda, shokozoba ta mutu da wuri. Direban da ya biya kuɗin balansin bai yi asara ba. Kuskuren kawai a ɗauka cewa maganin ciwon raƙumi shi ne na akuya.

Batun ƙarin gudu ma ba ya tsayuwa. Gefe mai nauyi yana cin ɗan ƙarfi idan yana hawa sama, amma yana mayar da shi idan yana saukowa, a kowane juyi. Babu abin da ya ɓace, don haka babu abin da dalma za ta dawo maka da shi.

Akwai inda za mu sassauta. Masu tseren Tour de France a Faransa suna sauka daga duwatsu da gudun da ya haura kilomita 80, a kan keken da doka ta ce kada ya gaza kilo 6.8, da dogon bawul a rim mai zurfi. A wannan gudu giram 10 ɗin nan ya wuce fizgar kilo guda. Ko a can ɗin ma ba kowa ya yarda yana da amfani ba. Mu kuwa duwatsun Zuru na da gangare, amma wanda ya kai kilomita 80 a kan Phoenix, ba balansin ne damuwarsa ba, addu'a yake buƙata.

To me ke sa keke rawa da gaske? Yawanci wilin ne ya karkace. Wayoyin nan da ke riƙe da rim, waɗanda masu gyara ke kira sifok, galibi 36 ne a wili ɗaya, tsohon Raleigh kuwa 32 a gaba, 40 a baya inda kaya ke zama. Kowace tana jan rim zuwa ɓangarenta. Ɗaya ta tsinke ko biyu su saki, rim ya bi waɗanda suka rage. Ka juya wilin ka zuba wa robar birki ido: in rim na matsowa yana ja da baya, ya karkace gefe, in yana hawa yana sauka, ya daina zama da'ira. Wannan na biyun shi ke buga ka a sirdi a kowane juyi, kuma ko dalma kilo guda ka manna ba za ta miƙe shi ba. Sauran masu laifin sanannu ne: tayar da ba ta zauna daidai a bakin rim ba, boris da ya cinye ko ya bushe babu giris, da nati da ya kwance a kan keke. Dattijon mai gyara da ke zaune a inuwa da ɗan makullinsa, yana ɗaure waya ɗaya yana sassauta ta kusa da ita, shi ne ke yin aikin da ya dace, kuma mu matasa mun fi saurin yarda da bidiyon YouTube a kansa. Ɗari biyar ɗin da za ta tafi a dalma, a ba shi ita.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Dalma guba ce. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma buƙatar a tuna mana 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ba muna cewa guntun da ke jikin wili zai yi irin wannan ɓarna ba. Amma abin da aka manna da gam a rim yana faɗuwa, keke kuma a tsakar gida yake kwana inda yara ke rarrafe suna kai komai baki. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da dalma wajen balansin tayar mota tun 2005. Ɗaukar haɗari, komai ƙanƙantarsa, don abin da ba shi da amfani, ba mu ga hikimarsa ba.

Abu na ƙarshe da ke ba mu tsoro shi ne wannan tunani na iya sa wani ya cire robar nan mai ƙyalli da ke maƙale a wayoyin wili, wai tana sa gefe ɗaya nauyi. E, tana sa wa, da 'yan giram. Amma ita ce direban da ya fito daga Zuru bayan isha'i zai fara hangowa idan kana tsallaka titi a mahaɗar Dabai. A bar ta inda take, wanda tasa ta faɗi kuma ya nemi wata ranar kasuwa.