Kafin a Dasa Itace a Makarfi, a Fara Tambayar Ƙasa

Akwai maganar da ta zama jiki a Ikara, Makarfi da Kudan: wai a da duk yankin kurmi ne, gatarin manomi da na mai itacen girki ne suka mayar da shi fili. A kan wannan magana ake gina shirye-shiryen dashen itatuwa, da ita kuma ake ɗora wa talaka laifi. Babu musu an sare itatuwa da yawa. Sai dai ƙwaƙwalwar dattijo, komai kaifinta, ba ta wuce labarin kakansa. Mai son sanin yadda dajin yake shekaru dubbai baya, sai ya tambayi ƙasar da ake takawa, domin tana da nata kundin.

Duk ganye ko saiwar da ta ruɓe tana barin sinadarin kabon a cikin ƙasa. Tsirrai kuwa kashi biyu ne wajen yadda suke zuƙar kabon daga iska. Itatuwa irin su ɗorawa, kaɗanya da tsamiya, har da wake da gyaɗa, ba sa ɗaukar nau'insa mai nauyi, wato kabon-13, da yawa; a ma'aunin masana sukan tsaya wajen -27. Ciyayi irin su gamba, tare da dawa, gero, masara da rake, sun fi ɗaukarsa, sukan tsaya wajen -13. Idan aka haƙa rami aka ɗebi ƙasa hawa-hawa, kowane hawa zai nuna ko itace ne ya fi rinjaye a zamaninsa ko ciyawa. Shekarun kuma kabon-14 ke ƙiyasta su, domin rabinsa na ƙarewa duk bayan shekara 5,730. Da irin wannan bincike aka bi sawun yadda kurmi da ciyawa suka riƙa hawa da sauka a jikin Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya yayin da yanayi ke sauyawa.

Makamancin wannan aiki a Arewacin Najeriya ya riga ya girgiza tsohon zato. A 2002, Ulrich Salzmann da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon nazarin lakar Tafkin Tilla da ke tudun Biu a Jihar Borno. Ƙurar furanni da burbushin gawayin da lakar ta adana sun nuna cewa ko a zamanin da damina ta fi ta yau albarka nesa ba kusa ba, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, dajin wurin mai ciyawa ne haɗe da itatuwa, wuta tana cinsa akai-akai. Bai zama rufaffen kurmi ba. A Kissidougou ta ƙasar Gini ma, James Fairhead da Melissa Leach sun nuna a 1996 cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyuka, wanda hukumomi suka ɗauka ragowar tsohon daji ne, mazauna ƙauyukan ne suka raine shi. Biu ba Makarfi ba ce, amma darasin ya isa a yi hattara.

Abin da ke cikin wannan tambaya ya wuce sha'awar tarihi. Idan asalin tudun Kudan gamba ce da itatuwa jefi-jefi, to jera masa itacen turare sahu-sahu ba farfaɗo da daji ba ne, ƙirƙiro wani sabon abu ne. Itace mai yawan shan ruwa a bakin fadama kishiya ce ga raken Makarfi da tumatirin Ikara, kuma duk filin ciyawar da aka toshe, makiyayi ne zai nemi madadinsa a gefen gonar wani. Idan kuwa ƙasa ta nuna cewa kurmi ya taɓa bin gaɓar wani rafi, an san inda ya dace a zuba kuɗi da irin itacen da ya kamata a nema.

Wani zai ce manomi taki yake bukata, ba labarin shekara dubu ba, kuma garma da gara sun riga sun cakuɗa ƙasar sama, masara da rake sun rufe tsohon sawu da nasu. Maganar cakuɗewar gaskiya ce, shi ya sa ake neman wuraren da garma ba ta taɓa ba: gindin duwatsu irin na Kufena a Zariya, ko ƙasar da tsohuwar ganuwa ta danne tun ranar da aka gina ta. Game da kuɗi kuwa, haƙa ramuka kaɗan da auna samfurinsu bai kai asarar dashen da ya mutu a rani na biyu ba. Masana ma ba su yi nisa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro daga 1922, tana da gonar gwajin taki da ake bibiya tun 1950, kuma Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen nazarin ƙasa da na binciken kayan tarihi.

Abin tsoro shi ne kundin na yagewa. Kowace tifa da ta kwashi ƙasa daga gindin dutse, kowace zaizayar da ta ci gefen kwari, kowane ɓangaren ganuwa da aka rushe aka yi tubali, shafi ne ya tafi, kuma ba shi da kwafi. Ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin uku su sa binciken tarihin ƙasa ya zama sharaɗi kafin duk wani babban shirin dashe, su kuma keɓe 'yan wuraren da suka rage ba a taɓa ba har sai an ɗauki samfurinsu. Likita ba ya rubuta magani kafin ya ji tarihin ciwo, kuma ƙasar da ke ciyar da Ikara, Makarfi da Kudan ta cancanci a yi mata wannan ladabin.