Ra'ayin tsirkiya: bashin da masana ba su biya ba tukuna

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san ƙa'idar bakin iyaka a Ɗan Isa: ko da takarda ta ce buhu ɗari ne a mota, ƴan duwan na da ikon su ɗaga tampol su ƙirga. To, a kan irin wannan ƙa'ida ce kan manyan masanan fizik na duniya ya rabu, dangane da abin da suke kira ra'ayin tsirkiya.

Ga asalin maganar. Masana sun gano cewa ƙarfi iri huɗu ne ke tafiyar da duk abin da muke gani: ƙarfin nauyi, mai jawo jifa ƙasa, ƙarfin lantarki da maganaɗisu, ƙarfi mai tsanani, wanda ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra, irin ta yuraniyom ɗin Arlit, sai ƙarfi mai rauni, wanda in ba don shi ba rana ba za ta ci wuta ba. Uku na ƙarshe suna bin lissafin ƙananan ƙwayoyi, shi kuwa nauyi yana bin lissafin da Einstein ya kammala a 1915. Kowane lissafi daidai yake a gidansa, amma da an gama su sai a sami amsar da ba ta da kai ba ta da gindi.

Haɗa ƙarfi da ƙarfi ba mafarki ba ne. Abdus Salam, mutumin Pakistan, da Weinberg da Glashow sun haɗa lantarki da ƙarfi mai rauni, aka ba su kyautar Nobel a 1979, sa'an nan a 1983 cibiyar CERN, da ke kan iyakar Faransa da Suwis, ta ga ƙwayoyin W da Z da lissafinsu ya ce za a gani. An ɗaga tampol, an tarar da kaya.

Ra'ayin tsirkiya ya fi wannan buri. Cewa ya yi ƙwayoyin nan duka ba ɗigo ba ne, wata ƴar tsirkiya ce mai kaɗawa. Yadda mai goge ke fitar da amo iri-iri daga tsirkiya guda, haka kowane salon kaɗawa ke ba da ƙwaya dabam. Tushen abin wani lissafi ne na Gabriele Veneziano, ɗan Italiya, a 1968. A 1974 Joël Scherk na Faransa da John Schwarz na Amurka suka nuna cewa ɗaya daga cikin amon nan shi ne ƙwayar nauyi, ba tare da kowa ya cusa ta ba. A 1984 Schwarz da Michael Green na Ingila suka kau da wani babban cikas na lissafi, sai matasan masana suka yi ca a kan fagen. A 1995 kuma Edward Witten ya kawo hujjar cewa kashi biyar ɗin da ra'ayin ya rabu, fuskoki ne na abu guda.

Masu goyon baya ba da ka suke magana ba. A 1996 Strominger da Vafa sun bi ta hanyar tsirkiya suka sami amsar da Bekenstein da Hawking suka samu tun da farko game da baƙin ramin sararin sama. A 1997 Juan Maldacena, ɗan Arjantina, ya gano wata gada ta lissafi da masanan wasu fannoni ke bi har yau. Suna cewa: ƙarya ba ta yin daidai sau da yawa haka.

Masu shakka su ma suna da abin faɗi. Na farko, mu fuska huɗu muka sani: tsawo, faɗi, bisa da lokaci, ra'ayin kuwa sai da goma yake tsayawa, shida a naɗe suke ƙanana, ba wanda ya taɓa ganin alamarsu. Na biyu, ana kyautata zaton ganin tsirkiyar kai tsaye na bukatar ƙarfin da ya ninka na babbar na'urar CERN, mai kewayen kilomita 27, kusan sau miliyan har biliyan. Na uku, wanda ya fi ciwo: tun wajen 2003 aka fahimci cewa hanyoyin naɗe fuskokin nan na iya kai 1 da sifiri 500 a bayansa, kowace da irin duniyar da take haifarwa. Takardar da ta dace da kowace mota, ai ba ta shaidar ko ɗaya. A 2006 Lee Smolin da Peter Woit kowa ya fitar da littafi, suna kukan cewa fage guda ya cinye guraben aikin jami'o'i alhali bai kawo shaida ba.

Na'urar CERN ta ga ƙwayar Higgs a 2012, amma tagwayen ƙwayoyin da masana da yawa suka sa rai, shiru. Wannan bai kashe ra'ayin ba, domin ana iya cewa tagwayen sun yi wa na'urar nauyi. Sai dai garkuwar nan ita ce kuma rauninsa: abin da gwaji ba ya iya kayarwa, gwaji ba ya iya tsai da shi. Da wasu suka fara cewa kyan lissafi da rashin abokin takara na iya zama hujja, George Ellis na Afirka ta Kudu da Joseph Silk suka yi gargaɗi a mujallar Nature a 2014. A watan Disamba na 2015 aka yi taro a Munik ta Jamus kan wannan gardama, aka tashi kowa da ra'ayinsa.

Mai karatu zai ce: ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne abin da ya bambanta ilimi da cika baki. In manyan masana suka yafe wa kansu gwaji, da wane baki za a tuhumi mai tallar maganin cuta casa'in a tasha, ko mai kawo wa ma'aikata tsarin da ba a taɓa jarrabawa ba? Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, gwani ne a fizik, amma murhu da tukunyar dafa ruwa da ofishinsa na ONERSOL ya ƙera, cikin rana aka girka su kowa ya gani. Gani ya kori ji.

A ganina, bai kamata a yi wa masu tsirkiya dariya ba, domin sun arzuta lissafi, kuma abokan hamayyarsu ma ba su kawo shaida ba. Amma ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya gama shafin bashi da shafin kuɗin hannu, kome amanar mai cin bashin. Fiye da shekara hamsin ke nan ra'ayin tsirkiya na shafin bashi. Malamanmu na lise su koya wa yara shi a haka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sai mako mai zuwa, in rai ya kai mu.