Dutsen Jumbal Yana Bayan Gida, Me Ya Hana Mu Hawa?



Da yawa daga cikin samarinmu sun san hanyar Duwala da Yawunde tasha bayan tasha, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka kan dutsen Jumbal ba, alhali kullum suna kwana a gindinsa. In an yi zancen ziyarar wuraren tarihi sai su ce wannan aikin Turawa ne da masu motar kansu. Mu kuwa muna ganin mu muka fi kowa haƙƙin wannan ziyara, kuma motar haya ta ishe mu yin ta.

A kan dutsen nan sojojin Jamus suka ja daga bayan sun fice daga cikin gari. Daga ranar 4 zuwa 6 ga Nuwamban 1915 rundunar Ingila, a ƙarƙashin Janar Cunliffe, ta yi ta hawa ana gangaro mata da duwatsu da nakiyoyi, har aka kashe Kyaftin Schipper na Jamus, dutsen ya faɗa hannunsu. Littattafai sun adana sunayen hafsoshin Turawa. To, su wa suka hau dutsen? Dakarun da aka kwaso daga Nijeriya ne, da yawansu Hausawa, kuma da Hausa ake ba su umarni. A rundunar Jamus ma an sha ɗaukar Hausawa aikin soja tun farkon kafa ta, ga 'yan dako da suka ɗauki kayan ɓangarorin biyu a ka. Yawancinsu babu wanda ya rubuta sunansu. Bayan yaƙin ne aka shata iyakar da ta bar Banyo a hannun Faransa, Gashaka da Mambila a hannun Ingila, ta ratsa hanyar da kakanninmu fatake suke bi da goro. Wanda yake son sanin dalilin da ya sa ziyarar danginsa na Gembu ta zama sai da takarda, to amsar tana cikin wannan yaƙi.

Saboda haka a fara da gida. A nemi izinin fadar Lamiɗo, a sami ɗan jagora wanda ya san hanya, a tashi bayan sallar Asuba da ruwan sha da takalmi mai ƙwari. Ragowar katangun dutse na nan. A duba, a ɗauki hoto, amma kada a ɗauke ko da tsakuwa, kada kuma a rubuta suna a jikin komai.

Wanda Allah ya hore masa guziri sai ya nufi arewa. Daga tasha a shiga motar Tibati, garin da Jamusawa suka ci da yaƙi a 1899. Daga can ko dai a miƙe da mota zuwa Ngaundare, ko a bi ta Ngaundal a jira jirgin ƙasa da ke tahowa daga Yawunde. A Ngaundare kada a wuce fadar Lamiɗo da babban masallacin da ke kusa da ita. Daga nan kwalta ce, a gangara dutse har Garwa a bakin kogin Binuwai.

Garwa ta cancanci kwana biyu. A nan Lamiɗo Zubairu na Yola ya gwabza da Jamusawa a 1901, kafin su sake karya shi a kusa da Marwa a farkon 1902. A nan kuma Jamusawa suka kori rundunar Ingila a ƙarshen Agustan 1914, sai a ranar 10 ga Yunin 1915 suka miƙa wuya bayan an yi musu ƙawanya. Can gaba da Marwa akwai dutsen Mora, inda Kyaftin von Raben ya tsaya da mutanensa tun Agustan 1914 har 18 ga Fabrairun 1916, shi ne na ƙarshe da ya ajiye makami a Kamaru. Sai dai Mora na yankin da ya sha fama da Boko Haram, don haka kada kowa ya wuce Marwa sai ya ji ta bakin mutanen gari da hukuma.

Game da hanya, lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu. Da damina hanyoyinmu na jar ƙasa kan kwanar da matafiyi a daji, a Maris da Afrilu kuwa zafin Garwa ba na wasa ba ne. Mota ba ta tashi sai ta cika, saboda haka a yanki tikiti da sassafe, kada a ɗaura wa tafiya alkawarin awa. Katin shaida ya zauna a aljihun gaba domin shingen jandarma, a tanadi canji, a guji tafiyar dare. A tafi mutum uku ko huɗu, ɗaya ya riƙe littafi da alƙalami.

Abin da muka fi kowane baƙo da shi kuwa, kusan duk garin da muka ambata akwai unguwar Hausawa da Sarkin Hausawa. A sauka a gaishe shi, a riƙa ɗan goro. Shi zai nuna masauki, shi kuma zai ce ga gidan dattijon da ya ji labari daga bakin kakansa. Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma 'yan kaɗan suka rage. Dutse zai jira mu, tsoho ba zai jira ba.

Wani zai ce, ina ruwanmu da yaƙin Nasara? Malamanmu sun karantar da mu cewa tafiya a bayan ƙasa domin ganin yadda ƙarshen magabata ya kasance umarni ne na Alƙur'ani. Kuma cikin waɗanda suka kwanta dama a duwatsun nan akwai Musulmi da suka rasu nesa da Kano da Zazzau, babu ɗan'uwa a kusa. Wanda ya hau, ya tsaya ya yi musu addu'a, ya dawo ya kawo wa wannan shafi abin da ya gani da abin da ya ji.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.