Hular haƙori da haƙorin Makka: Shekara nawa suke yi a baki?

 Yau za mu tattauna ne a kan hular haƙori, wato murfin nan da ake kifa wa haƙori don magani ko don ado.

Iri biyu muka fi gani a nan Maiduguri. Akwai wadda likita ke sa wa haƙorin da ya fashe, ko ya yi kogo babba, ko aka cire masa jijiya. Ana yin ta da ƙarfe ko zinare ko tangaran mai launin haƙori. Sai kuma haƙorin Makka da alhazanmu ke dawowa da shi, na zinare ko na azurfa.

Da yawa suna ɗauka cewa da an sa shi ke nan, sai mutuwa. Ba haka ba ne. Hular da likita ya sa takan yi shekara 5 zuwa 15, ta zinare kuma idan ta zauna daidai tana iya wuce shekara 20. Abin da ke tsawaita kwananta shi ne kyawun aikin da kuma kulawarku.

Ita hular ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, tsagar a nan ita ce bakin hular, inda ta haɗu da dasashi. Nan guntun abinci ke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su mayar da sukarinsa sinadari mai tsami da ke cin haƙori. Ido yana ganin zinare na ƙyalli, ciki kuwa ɓarna ake yi. Idan an riga an cire jijiyar haƙorin, ba lalle ku ji ciwo ba sai kumburi ya fito. Haƙorin Makka da aka sa cikin gaggawa ba tare da awo ba ya fi barin irin wannan tsaga. Don haka Alhaji da Hajiya, idan an huce gajiya a je likita ya duba zamansa.

Kulawar ba ta da wuya. Ku goge baki sau biyu a rana, na tsawon minti biyu, da man goge baki mai sinadarin fulorayid, musamman kafin barci. Asuwaki yana da kyau, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, sai an haɗa da zaren sakace da ake samu a kemis. Ku daina sakace da allura ko tsinken tsintsiya. Ku guji buɗe kwalbar lemo da haƙori, da fasa ƙashi, da tauna busasshiyar aya a ɓangaren hular. Tauna ƙanƙara lokacin zafin nan namu na Maris zuwa Mayu tana tsaga tangaran, alawa mai danƙo kuma tana iya ciro hular gaba ɗaya.

Wasu magunguna ma suna da hannu. Piriton da amitriptyline suna busar da baki, alhali yawu ne ke wanke haƙori. Nifedipine da amlodipine na hawan jini, da phenytoin na farfaɗiya, kan sa dasashin wasu ya kumbura ya hau kan hular. Kada ku dakatar da maganinku, ku dai sanar da likitan da ya rubuta muku. Masu ciwon sukari su ƙara lura, domin ciwon dasashi ya fi saurin kama su.

Idan hular ta cire, ku wanke ta ku adana, ku kai wa likita cikin 'yan kwanaki; sau da yawa ana iya mayar da ita. Kada a liƙa ta da sufa gulu. Kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi. Ana iya shan farasitamol kafin a ga likita, amma babba kada ya wuce giram 4 a rana. Masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda da masu juna biyu su nisanci ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita. Amoxicillin da Flagyl da ake saye a kemis ba sa toshe kogo. Ciwon zai lafa ne ya dawo, kuɗin aikin kuma ya ƙaru.

Wari ko ɗaci daga wurin hular, jini wajen goge baki, tsami idan an sha ruwan sanyi, ko hular ta fara motsi, duk alamu ne na a je a duba. Sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana wannan aiki. Ko babu ciwo, a riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma idan fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko buɗe baki da haɗiya suka yi wuya, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, domin irin wannan kumburi yana iya toshe numfashi.