Waiwaye: Amaryar Fim Kullum Fara Ce

A gidanmu na Jahun, cikin garin Bauchi, da an idar da sallar isha'i sai a baza tabarma gaban talabijin. Fim ɗin Indiya ne ko na Hausa, sau tari wadda jarumi zai mutu a kanta fara ce sol. Baƙa kuwa, in ta fito, 'yar aiki ce ko ƙawar amarya. Ban taɓa jin an zagi baƙar fata a fim ba, ba a dai zaɓenta. Mu manya har mu ƙara da “fara ko mayya ce”, ɗiyar yayana tana gefe tana ji. Shekararta 15 a lokacin, baƙa mai sheƙi.

Sai da ta ƙi shiga hoto ranar Sallah na fara lura. Ta rage fita, ta rage magana. Wata rana ta miƙo mini kofi, na ga gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, bayan hannun ya yi jajir kamar ƙuna. A ƙasan akwatinta na tarar da kwalbar man haɗi, ba ko suna a jiki, da kuɗin tararta ta saya. Da na tsare ta ba ta yi musu ba. Cewa ta yi, “Goggo, a fim wa kika ga ya auri baƙa?” Na rasa abin faɗa, kuma har yau maganar tana ci mini rai.

Ba ita kaɗai ba ce. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin, wanda wasu ire-irensa ke lalata ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa. Can Indiya da muke kwaikwayo, surutun jama'a ya sa man Fair & Lovely ya sauya suna a 2020. Mu a nan, ratsa kasuwar Wunti ka dubi hotunan da ke jikin kwalayen mai.

Fatar yarinyar ta warke cikin watanni, amma ta daɗe kafin ta sake tsayawa gaban kyamara.

Masu shirya fim na Kannywood, don Allah ku ba baƙar yarinya matsayin amarya. Iyaye kuma, mu kama bakinmu gaban talabijin, yara suna ji.