Ba Laifin T-26 Ba Ne

Duk wanda ya karanta labarin mamayar da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941 ya ci karo da T-26, tankar yaƙin da aka yi asarar dubbanta cikin 'yan watanni. Marubuta da yawa kan yi mata kallon tarkace, kwaikwayon kayan Ingila. Ni ban yarda da wannan hukunci ba.

Kwaikwayon dai gaskiya ne. A 1928 kamfanin Vickers-Armstrongs ya ƙera wata ƙaramar tanka mai nauyin tan shida, amma sojojin Birtaniya suka ce ba su so. A 1930 sai ga tawagar Sobiyet ƙarƙashin Innokenti Kalefski, suka sayi guda 15, tare da zanen ƙirar da izinin yin irinta a gida.  Abin da ya burge ni game da Sobiyet shi ne ba su tsaya ga saye ba. A Fabrairun 1931 suka amince da tankar da sunan T-26, masana'antar Bolshebik da ke Leningirad ta fara ƙera ta, kafin 1941 an yi sama da 11,000. Ƙasar da galibin mutanenta manoma ne ta koyi aikin ƙarfe mai wuya da hannunta. Ina abin kunya a nan?

Kuma sun gyara ta. Ta farko tana da rumfunan bindiga biyu masu juyawa, kowace da mashinga. A 1933 aka mayar da su guda ɗaya, aka ɗora igwa mai bakin milimita 45. Da yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke, Sobiyet ta aika wa gwamnatin jamhuriya guda 281, kuma babu tankar da ta iya ja da ita a can. Panzer I ta Jamus da CV-33 ta Italiya mashinga kawai gare su. Har lada aka sa a ɓangaren Janar Faranko, mai yaƙar gwamnatin jamhuriya, ga duk wanda ya kamo T-26 da lafiyarta.

Sai dai tun a can alamu suka bayyana. Ranar 29 ga Oktoban 1936, a garin Sesenya kudu da Madarid, Kyaftin Pol Arman na Sobiyet ya shiga da tankoki 15, suka yi ta ɓarna, amma sojojin ƙasan da ya kamata su bi su aka bar su a baya. A lungunan garin aka ƙone wasu da kwalaben fetur. Tanka ce da aka yi don ta raka sojan ƙafa; in ba shi kusa, makauniya ce. Sulkenta kuwa milimita 15 ne, ƙaramar igwa ma tana huda shi.

A nan manya suka yi sake. Maimakon sabon inji, sai suka riƙa ƙara mata nauyi. Daga kusan tan takwas ta haura tan goma, injin kuwa yana nan wajen ƙarfin doki 90, kamar jakin da ake ƙara wa mangala ba a ƙara masa harawa. Ana gasar yawan da aka ƙera, kayan gyara sun yi ƙaranci. Sannan Sitalin ya hallaka mutanen da suka fi sanin aikin: Mashal Tukacebski a 1937, Kalefski da kansa a 1938. Bayan haka wane injiniya zai buɗe baki ya ce akwai matsala?

Finlan ta nuna musu raunin a yaƙin da suka gwabza a hunturun 1939 zuwa 1940, aka yi asarar ɗaruruwa. Da Jamus ta shigo, kusan 10,000 na hannun rundunar Sobiyet, kuma da yawa ba harsashi ya tsayar da su ba. Lalacewa suka yi a hanya, ko mai ya ƙare, mutum ukun da ke ciki suka fito suka bar su. Waɗannan samarin su nake tausayi, domin an tura su da makamin da ya kai shekara goma, ba makaniki, ba safaya, sau da yawa ba ko rediyo.

Tankokin da aka kula da su kuwa sun yi aiki. A Agustan 1945 T-26 ta shiga yaƙi da Jafan a Manchuriya, Finlan kuma ta ci gaba da amfani da waɗanda ta kama shekaru da dama bayan yaƙin ya ƙare.