Kumburin Ƙafa Ba Sanyi Ba Ne: Darasi Daga Sunke

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan magana ce ta faɗo mini a rai ranar da kawuna ya iso gidana daga Sunke, ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara, idon sawunsa duka biyu a kumbure har takalmi ba ya shiga. Da na tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, kwantar da hankalinka, ciwon ne ya sauko ƙasa, fita zai yi."

Shekara guda kafin nan, hoton ciki ya nuna cewa babbar jijiyar da ke kwaso jini daga zuciyarsa ta yi rauni a daidai cikinsa, ta buɗe kamar tsohon tiyo da ruwa ya yi wa ƙululu. Faɗin wannan jijiya ga lafiyayye bai cika wuce santimita 2 ba. Idan ya kai 3 an shiga ciwo, idan kuwa ya kai 5.5 likitoci kan ba namiji shawarar yin aiki, domin fashewarta na kisa cikin ɗan lokaci. Ita ce ta yi ajalin masanin kimiyyar nan Albert Einstein a 1955.

Ni ba likita ba ne, fagena nazarin harshe, kuma ta nan na gano inda gizo ke saƙar. Abin da aka gaya wa Kawu a asibiti shi ne "jijiyarka ta kumbura". To a Hausa kalmar jijiya ita ce ta jini mai fita daga zuciya, ita ce ta mai komawa, ita ce kuma ta agara. Haka kalmar kumburi ta haɗa ƙurji da targaɗe da taruwar ruwa a jiki. Saboda haka da ƙafa ta tashi, sai dattijo ya ɗauka kumburin ciki ne ya yi ƙaura, ya zauna wata biyu yana shafe-shafe, maƙwabta na cewa sanyi ne.

Alhali kuwa ba kasafai wannan ciwo ke kumbura ƙafa da kansa ba, sai in ƙululun ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu. Galibi dalilin na wani wuri: ko zuciya ta gaji, ko ƙoda ko hanta ta yi rauni, ko kuma maganin hawan jini irin su amlodipine ne ya jawo. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura da zafi, ana tsoron gudan jini. Idan da haki da kasa kwanciya, a duba zuciya. Idan fuska na tashi da safe, fitsari na kumfa, a duba ƙoda. Matsanancin ciwon ciki ko baya da ya zo farat ɗaya kuwa, ba a kwana da shi a gida.

Gwaji ya nuna ƙodar Kawu ce ta fara gazawa. Da likita ya ji sunan garinmu, nan take ya ce a auna dalma a jininsa. Mai karatu zai tuna cewa a 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a Sunke da Dareta da Abare da 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani, kuma daidai ne da aka fara da 'yan ƙasa da shekara 5. Amma manyan da suka yi dakan da niƙan fa? Dalma kan zauna a ƙashi shekaru masu yawa, tana ta da hawan jini, tana cin ƙoda a hankali, shi kuwa hawan jini shi ne babban abokin gabar jijiya mai rauni.

A nawa ra'ayin, nauyi biyu ne a wuyanmu. Na farko na gwamnatin jiha ne: a riƙa auna hawan jini da ƙodar manyan waɗannan ƙauyuka a kai a kai, a kusa da su, tunda rashin tsaro ya sa tafiya Gusau ko Sakkwato ta zama kasada. Na biyu namu ne, mu malaman harshe. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero su zauna da likitoci a tsayar da kalmomin da za su raba jijiya da jijiya, kumburi da kumburi, a kuma gwada su a bakin mutanen karkara kafin a buga su a littafi. Bayanin da majiyyaci bai fahimta ba, tamkar ba a yi shi ba ne.

Kawu yana shan magani, an rage masa gishiri, takalminsa ya koma shiga. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.